Ranar da Toribia Ta Je Tambayar Katanga

Ku matso da kwandon masarar nan a ci gaba da murza, kunne ba ya hana hannu aiki. Labarin Toribia kuka ce, ko? Ku da tsufanta kuka san ta, da tsinken gora a soke a ɗamara. To, tsinken nan ma yana da dalili, za mu zo wurin.

Toribia ba 'yar garin nan ba ce. Can saman duwatsu aka haife ta, inda masara ba ta fitowa sai dankali mai ɗaci, tana bin garken lama, 'yan raƙuman dutsen nan marasa tozo, da mazari a hannu tun ba ta iya ɗaura ɗamara da kanta ba. Aure ne ya sauko da ita Chillkapata, gidan Melchor. Melchor mutum ne marar magana. In ka gaishe shi da safe, sai azahar za ka ji amsa. Ita kuwa bakinta ba ya hutawa, shi ya sa suka zauna lafiya, gidan dai mutum ɗaya ke magana a cikinsa.

Abin da Melchor ya gada bai wuce gona ɗaya ba. Kun san ta, waccan doguwa siririya kamar ɗamara, a jikin dutse, saman gonar Faustino ɗan baffansa. Katangar da ke riƙe da ita ta mutanen da ce, ba wanda ya san wanda ya ɗora ta, tsayinta mutum da rabi. A gindinta ne magudanar ruwan gari ta bi ta wuce zuwa gidajenmu.

Da rani, Melchor yakan tafi dakon kayan baƙi a hanyar Machu Pikchu, tsohon birnin mutanen da, kwana huɗu a ƙafa da tukwane da tantuna a baya. Amma 'yan dako ba sa shiga birnin. In an kusa ƙofa sai su karkata su gangara bakin kogi su kama jirgin ƙasa. Shekara goma sha tara yana raka mutane har bakin wurin, bai taɓa leƙa shi ba. Toribia takan tambaye shi, "Wai me ke ciki ne da mutane ke tahowa daga bayan teku?" Sai ya ce, "Duwatsu." Shi ke nan, an gama hira.

Abu ɗaya ke ci wa Melchor tuwo a ƙwarya a gonar nan. Duk sanda ya taka garmar ƙafa, ba ta nitsewa da nisa sai ya ji ƙararas, ta ci tsakuwa. Ƙasar ba ta wuce tsawon hannu ba, ƙarƙashinta tsakuwa ce zalla da ɓarɓashin dutse. Ya ce mutanen da sun yi rowa, sun cika gona da shara suka yafa ƙasa a kai. Sai ya ɗaura niyya. Rani uku cur suna haƙa bayan katangar nan, shi yana tono, ita tana kwasar tsakuwa a zanen goyo tana kaiwa ƙarshen gona tana zubewa. Har da cikin ɗansu Wilber ta yi wannan jigilar. Suka ɗauko baƙar ƙasa daga bakin kogi a kan jaki suka cike ramin. Akwai wasu ƙananan kafofi a gindin katangar, ɓeraye na shiga, ruwa na fita. Melchor ya ce ta nan ake sace masa ƙasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya liƙe da yumɓu.

Masarar da suka samu a shekarun nan, ku bari kawai. Mutum ya shiga da malafa ba a hango malafar. Daga wasu garuruwa ake zuwa kallo. Tarin tsakuwar kuma ya zama tsibi guda, har yau in za a yi kwatance sai a ce wajen tsibin Melchor, ko da yake yanzu babu shi.

Da ciwon ƙirji ya ɗauki Melchor, Allah ya ji ƙansa, Toribia ta kafa ɗan gicciye na itace a kan tsibin. Kabarinsa na can bayan coci, amma ita a nan take ganinsa. Rana ta take, sai ta zauna a gindin tsibin ta buɗe ƙunshin dafaffiyar masara, ta ɗiga masa giyar masara a ƙasa, ta ba shi labarin gari kaf. Takan ce, "Da ma can ba ya amsawa, me ya canza?"

To, sai katanga ta fara tasowa a tsakiya. A hankali, shekara da shekara, kamar wasa. Faustino ne ya fara gani, tunda shi ne a ƙarƙashinta. Ya ɗaga kai daga cikin wakensa ya ce, "Matar yaya, katangarki fa ta yi ciki. Wa za mu kama?"

Ta ce, "Kai ne kullum a gindinta, kai za a tambaya."

Aka yi dariya. Damina ta zo, dariya ta ƙare. Katanga ta zube a kan waken Faustino, kunya bakwai ta binne. Aka yi ayni, kowa ya ba da yini ɗaya kamar yadda aka saba, yau naka gobe nawa, aka mayar da duwatsu. Wilber ya zo daga birnin Kusko, lokacin ya zama magini, yana gina wa mutane benaye. Ya dubi aikin ya girgiza kai. Ya ce, "Mama, wannan ginin zamanin jahiliyya ne. Bari ki ga aiki." Ya kawo siminti a mota, ya bi kowace tsaga ya cike, ya shafe fuskar katangar sumul kamar bangon asibiti. Har Toribia ta riƙa kai mutane su shafa.

Damina biyu ta yi. A ta uku, da rana tsaka, muna tsinke ganyen masara, muka ji kamar aradu a ƙasa. Wannan karon ba zubewa ta yi ba, kifewa ta yi gaba ɗaya kamar ƙofa, da taɓo a bayanta kamar kunu. Ta danne magudanar gari. Kwana tara muna saukowa kogi da tuluna.

Aka kira taron gari a filin coci. Kun san dokarmu: ƙasa ta gari ce, wanda ke nomanta aro aka ba shi, shi da 'ya'yansa, muddin bai cutar da na ƙasa da shi ba. Mai sandar gari na wannan shekarar, wato shugabanmu, ya tsaya ya ce ba a kori kowa ba. An ba Toribia rani ɗaya ta sake gini. Amma in katangar nan ta sake faɗuwa, gona ta koma hannun gari, a dasa itacen turare a wurin ya riƙe ƙasar, magana ta ƙare.

Wilber ya raɗa mata, "Mama, ki bar musu. Ga ɗaki a sama a gidana, ga famfo a tsakar gida. Me ya rage miki a nan?"

Ta ce, "Ubanka."

Faustino kuwa ransa a ɓace yake, sau biyu ke nan yana shuka wake katanga na girbe masa. Ya miƙe ya ce, "Ni abin da ban gane ba, ɗana yana tuƙa mota a can Machu Pikchu, ya ce ruwan da ke sauka a wurin ya ninka namu, kuma katangunsu ko gezau. Taki ce kaɗai mai farfaɗiya. Je ki tambaye su mana, matar yaya, wataƙila su gaya miki."

Mutane suka tuntsire. Toribia ta gyara malafarta ta ce, "Yau dai ka yi magana mai kai, Faustino. Zan je."

Kowa ya ɗauka baƙar magana ce. Washegari ta sa Wilber a gaba sai ya nemo musu takardar shiga, tunda ranar Lahadi 'yan ƙasa da katinsu suke shiga kyauta. Ya ce, "To ki bari sai rani mana. Yanzu gajimare ne kawai, ko dutsen ba za ki gani ba."

Ta ce, "Ka taɓa ganin katanga ta faɗi da rani? Marar lafiya ana duba shi ne lokacin da ciwon ya tashi."

Haka suka kama jirgin 'yan ƙasa, wanda ake shiga da buhunan albasa da kwandunan burodi. Toribia ba ta taɓa bin kogin nan ƙasa haka ba. Tana gani duwatsu suka matse, itatuwa suka yi duhu, iska ta yi ɗumi har ta cire mayafi ɗaya. Daga nan mota ta yi ta nannaɗe dutse da su kamar zare a mazari. A bakin ƙofa aka ce ba a shiga da abinci, ta bar ƙunshin masara da cuku a wurin ajiya, tana gaya wa mai ajiyar ta ƙirga ƙwayoyin. Ta ciro ganyen koka uku masu kyau daga jaka, ta hura a kansu ta fuskar duwatsun wurin, ta ce musu baƙuwa ce, tambaya ta kawo ta, ba za ta daɗe ba.

Ruwa kuwa kamar da bakin ƙwarya. Baƙi duk sun lulluɓe da rigunan leda, ja da shuɗi da rawaya, sun tsaya cirko-cirko suna kallon farin gajimare, fuska a murtuke kamar waɗanda aka yi wa alkawarin biki aka fasa.

Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne wurin bai ba ta tsoro ba. Ta zaci za ta ga wani abu na aljanu. Sai ga gidaje. Gidaje sak irin namu, masu tsinin kai, jinka kawai aka cire. Ga 'yan tagogi makafi a jikin bango, daidai inda hannun mace zai kai. Ta ce, "Nan ta ajiye gishiri. Nan kuma fitila." Ga lungu, ga matakala, ga ruwa na gangarowa ta bakin dutse daidai tsayin tulu. Kamar dai garin da mutanensa suka tafi kasuwa.

Wilber kuwa wani gini ne ya tsayar da shi, na manyan duwatsu goggagu, kowanne ya kwanta a jikin ɗan'uwansa ko allura ba ta shiga. Ya ce, "Kin gani ko, Mama? Babu kafa ko ɗaya. Abin da na yi miki ke nan da siminti."

Ta dubi ginin sama da ƙasa. Ta ce, "Wannan ɗakin manya ne. Iska ce a bayansa. Nuna mini wadda ta goya gona."

Suka gangara wajen gonakin, hawa-hawa har ƙasa inda gajimare ya haɗiye su. Nan Toribia ta tsaya. Ta dubi ƙafarta. Tun safe ake ruwa, amma takalminta na taya bai ɗauki taɓo ba. Ta buga ƙafa a ƙasa, ta sake bugawa. Ba kududdufi ko ɗaya. A gonarta, ruwan rabin wannan, sai ka nitse har idon sawu. Ta ce a ranta, to ina yake zuwa?

Daga nan ba ta ƙara ɗaga kai ba. Kowa na neman dutse a sama, ita tana bin gindin katanga a sunkuye kamar mai neman allura. Wilber na biye da ita yana cewa, "Mama, mutane na kallonmu." Ba ta kula shi ba. Can sai ta gani: 'yar kafa mai kusurwa huɗu, ba ta fi tafin hannu ba, an yi mata baki da dutse a sama. Ruwa na fitowa ta ciki, siriri, garau kamar na marmaro. Ba ƙasa a cikinsa ko ƙwaya. Gaba kaɗan ga wata. Ta durƙusa a cikin ruwan, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har gwiwar hannu.

Sai usur. Mai gadi ya taho da sauri yana cewa ba a taɓawa. Wilber ya fara ba da haƙuri da yaren birni, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ita kuwa ba ta ciro hannun ba, don yatsunta sun taɓa wani abu a can ciki, abin da ta sani sarai.

Wani tsoho ne ya raba. Yana zaune a kan ɗan katako a gefe, cikin rigar ma'aikata, da tsinken gora a hannu yana kankare gansakuka daga jikin dutse. Ya yi wa mai gadin magana da harshenmu ya ce, "Bar ta, ɗana. Aikina take taya ni. Wannan kafar ce ta gaba a layina."

Mai gadi ya ce dai ta ciro hannu, ya koma. Toribia ta miƙe tana ɗigar ruwa. Ta buɗe jakarta ta zaɓo ganye uku ta miƙa wa tsohon da hannu biyu. Shi ma ya zaɓo nasa ya ba ta. Sunansa Tayta Siriyako, wato Baba Siriyako. Shekara talatin da ɗaya yana kankare duwatsun nan da gora, don ƙarfe yana ji musu ciwo. In ya fara daga wancan ƙarshen, kafin ya kai wannan, na farko ya sake tsirowa.

Ya ce, "Mama, baƙi dubu nawa suka wuce ni, ban ga wanda ya gai da kafar ruwa ba sai ke. Me kika jefa a ciki?"

Ta ce, "Gonata, Tayta."

Ta ba shi labari, tun daga cikin da katanga ta yi har zuwa taron gari. Da ta zo kan siminti sai ya dubi Wilber. "Kai ne maginin?"

"Ni ne, Tayta."

"In aka ɗura maka tulun giya guda, aka ɗaure ka aka hana ka zagayawa bayan gida, kwana nawa za ka yi?"

Wilber ya sosa ƙeya.

Tsohon ya tashi da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya ce su biyo shi. Nan kusa, a kan hanyar da ake bi, akwai kusurwar wata gona da ma'aikata suka buɗe don gyara, an rufe da leda. Ya ɗaga ledar. Sai ga cikin gonar a fili kamar an yanka burodi.

Ya nuna da tsinkensa. "Can ƙasa, manyan duwatsu, barkatai, da sarari tsakaninsu. A kansu, wannan ɓarɓashin. Da suka sassaƙa waɗancan gidajen da ɗanki ke yabo, abin da ya zube ba su zubar ba, nan suka kawo shi. A kansa yashi. Sannan ƙasar noma, tsawon hannu ɗaya. Masara ba ta neman fiye da haka. Ruwa ya sauka, ya ratsa ƙasa, yashi ya tace shi, tsakuwa ta ba shi hanya, ya fita ta kafa, kowa ya kama gabansa. Katanga ba ta riƙe ruwa, Mama. Ƙasa kawai aka ce ta riƙe. Kuma dubi yadda ta jingina da baya, kamar mai goyo a kan hawa. Abin da baƙi ke ɗauka a hoto kaɗan ne. Yawancin garin nan a ƙarƙashin ƙafarki yake."

Toribia ba ta ji rabin ƙarshen maganar ba. Idonta na kan tsakuwar. Irin ta gonarta ce sak, masu kaifin baki, masu launin toka, irin waɗanda suka huda mata zanen goyo har uku. Bayanta ya tuna nauyinsu kafin kanta ya tuna.

Ta sunkuya ta ƙare mata kallo. Sannan ta ce, "Tayta, in wani mutum, a wani gari, ya tone wannan duka ya zuba baƙar ƙasa fa? Ya kuma liƙe kafofin?"

Ya ce, "Zai ci masara mai kyau shekara ashirin. Daga nan katanga ta ci shi."

Wilber ya juyo ya dube ta. Shi ma ya gane. A kan tsibin nan ya koyi rarrafe.

Ta ce, "Mijina ne. Ba rago ba ne, Tayta, ka ji. Garinmu kaf ba mai aikinsa. Har nan yake kawo kayan mutane, shekara goma sha tara, ƙofar nan ce kawai bai shigo ba. Kuma ni na kwashe tsakuwar a bayana, ba wani ba."

Tsohon ya tauna ganyensa. Ya ce, "A kogi kuka zubar?"

"A'a. Tana nan a ƙarshen gona. Tsibi guda. Ko ɗaya bai bari an ɗiba ba, har masu gyaran hanya sun roƙa ya hana."

Tayta Siriyako ya yi dariya har ana ganin gibinsa. "To kukan me kike? Ai ajiya ya yi miki. Wasu in sun zo gyara sai sun fasa dutse wata uku."

Ba a ɗaukar ko tsakuwa ɗaya daga wurin, kuma Toribia ba ta san biro ba. Sai ta ciro zaren ulun da ke jakarta. Ta sa Wilber ya riƙe bakin zaren a gindin ramin, ta ja shi sama. Inda manyan duwatsu suka ƙare ta ƙulla. Inda tsakuwa ta ƙare ta ƙulla. Yashi, ta ƙulla. Ta ɗaura makullin ɗakinta a wani zaren ta sake shi daga saman katanga, ta auna da yatsu yadda gindin ya fito. Wilber da ya zo yana jin kunya, shi ne ya koma yana tambaya: taku nawa tsakanin kafa da kafa, wane dutse ake sa wa a bakinta. Tsohon ya gaya masa, ya ƙara da cewa, "Kuma kafa ba a yi mata gini a tafi. Ganye na toshe ta, tururuwa na toshe ta. Garin nan da kake gani, kullum akwai mai tsokale masa hanci." Ya zaro tsinken gora ɗaya daga aljihu ya ba Toribia.

Suna hanyar fita sai gajimaren ya yage. Baƙi suka ɗau sowa, kowa na ɗaga waya. Toribia ta ɗaga kai, karo na farko tun safe. Ga garin duka a kwance a kan sirdin dutse, ga wani dogon dutse tsaye a bayansa, ga gonaki suna sauka hawa-hawa, jiƙe sharkaf, suna ƙyalli, kowace na zubar da ruwanta a hankali. Ta ce, "Melchor, gaskiyarka. Duwatsu ne." Ta share fuska da gefen mayafi ta ce da Wilber su je kafin a cinye mata cuku.

Da rani ya kama, ta bi gida-gida da koka da tulun giya tana roƙon ayni. Da mutane suka ji abin da za a yi, sai aka fara kallon juna. Wata ƙawarta ta ce, "Komadre, duniya kaf daga gona ake fitar da dutse. Ke kuma mayarwa za ki yi?" Wasu suka ce tsufa ne. Faustino ne ya fara zuwa, da shebur a kafaɗa. Ya ce, "Ba don ke na zo ba, matar yaya. Wakena nake wa aiki." Da aka ga ya zo, sauran suka biyo.

Ranar farko ba ta bari kowa ya taɓa tsibin ba. Ta hau ta zare gicciyen, ta goge shi da zane, ta jingina shi a gefe. Ta ɗiga giya. Muna jin ta tana cewa, "Ba cewa na yi ka yi kuskure ba. Aro muka yi, yau za mu mayar." Ta shimfiɗa zanen goyo ta cika, ta saɓa a baya, ta kai na farko da kanta. Sannan muka shiga.

Kwana goma sha shida muka yi. Zaren nan na rataye a kan turke, kowa ya zuba sai ya je ya gwada da ƙulli. Manyan duwatsun ƙasa suka gaza, sai Toribia ta hango ɓaraguzan simintin Wilber a gefen magudana. Ta ce a farfasa a zuba a can ƙasa. Ta ce, "Ka gani, ɗana, simintinka ma ya samu aikin da ya dace da shi." Wilber da kansa ya ɗora katangar, ba ko cokali ɗaya na siminti, a jingine da baya, ya bar kafa tara. Baƙar ƙasar Melchor da ta yi saura aka raba wa waɗanda suka yi aiki. Faustino ya fi kowa ɗiba.

Aka shuka masara. Damina ta zo da sauƙi da farko, sannan bayan sabuwar shekara sama ta buɗe, kwana shida ba ƙaƙƙautawa. A rana ta shida, bayan azahar, mai sandar gari ya hau duba katanga, Faustino na bayansa, mu ma muka bi da ledoji a ka. Muka tarar da Toribia a tsugune a gindinta. Kafa takwas na zubar da ruwa. Ta tsakiya, daidai inda cikin yake fitowa da, shiru.

Mai sanda ya ce, "Mama Toribia, ki taso daga nan. In za ta zo, ta nan za ta zo."

Ba ta taso ba. Ta zaro tsinken gora daga ɗamara ta zura a kafar, ta juya, ta sake turawa. Sai ga wani curin ciyawa da gashin masara ya fito, sheƙar ɓera ce, sai ruwa ya biyo shi da ƙarfi, ja wur da farko, har kan ƙafar mai sanda. Muka tsaya muna kallo. Ya koma ruwan ƙasa. Ya koma fari-fari. Can sai ya zama garau.

Faustino ya sunkuya ya tara hannu ya wanke fuska. Ya ce, "Matar yaya, ashe katangar taki fitsari kawai take ji duk shekarun nan."

Ta ce, "Kai kuma ga shi ka wanke ido da shi."

Mai sanda ya ɗora tafin hannu a jikin duwatsun, ya daɗe yana saurare kamar mai duba zazzaɓi. Sannan ya ce da ita ta shiga gida ta canza kaya kada sanyi ya kama ta. Maganar itacen turare ba a sake tada ta ba.

Damina goma sha ɗaya ke nan. Masarar ba ta kai tsayin ta zamanin Melchor ba, ana hango malafa yanzu, amma tana cika rumbu. Gicciyen yana kan ƙarshen katanga, nan take zama ta ba shi labari. Inda tsibin yake da, dankali take sawa. Zaren nan mai ƙulli kuwa bai cika kwana a gidanta ba, yau yana wannan gari, gobe wancan, har ya yi baƙi don hannu. Wilber ya ce zai rubuta mata awon a takarda, ta ce takarda ba ta jure ruwa.

Kun ga tsinken goran ke nan. Duk Litinin sai ta bi kafofin nan tara, da rani da damina. Ku tashi, masarar ta ƙare. Wanda zai wuce ta wajenta ya kai mata wannan kwanon, kuma kada wanda ya sake ya cusa mata dutse a kafa don wasa, tana ƙirga su.